Ina rawa ran Lahadi, ina kuka ran Litinin: ina farin cikin da aka ce akwai cikin Yesu?

Salama Mama. Ni mace ce 'yar shekara 37, muna zaune a gefen Tudun Wada nan Jos ni da maigidana da yara uku. A coci na tashi, an yi mun baftisma ina da shekara 15, yanzu haka ni ce mai ba da waƙa a Zumuntan Mata na cocinmu. Duk wanda ya gan ni ran Lahadi cikin anko ina juyi a gaban masu buga tulu zai rantse babu wadda ta kai ni murna, amma Mama da na koma gida na cire ɗankwali sai in ji kamar an ɗora mun dutse a ƙirji. Mamana ta rasu a watan Agustan bara bayan wata takwas ina jinyarta. Maigidana ya rasa aikinsa, yanzu keken wani yake ja yana kai balas kullum, ni kuma ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta ana ba ni dubu 45. Ba na barci sosai, abinci ba ya mun daɗi, in na durƙusa addu'a bakina ya yi nauyi. Littafin waƙoƙin Mamana yana cikin akwatina, na kasa buɗe shi. Na ɗan faɗa wa shugabar Zumuntanmu, ta ce mai bi ba ya baƙin ciki kamar marasa bege, in ƙara azumi. Ƙawata ta kai ni wani wurin addu'ar dare, mai wurin ya ce ruhun baƙin ciki ne ke bina, in shuka dubu 20, na ciro daga kuɗin adashina na bayar, na ji sauƙi kwana biyu abin ya dawo. Maigidana kuwa cewa yake me na rasa, ba ni da godiya. Wani lokaci nakan ce a raina gara in bi Mamana in huta. Shin bangaskiyata ce ta mutu? Ina farin cikin nan da ake wa'azinsa, wanda aka ce ba ya ƙarewa?

Wata 'yarki daga Jos

Salama 'yata, sannu, sannu da ɗaukar wannan kaya ke kaɗai. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun da asuba ne lokacin sanyin nan namu na Jos da ke shiga har ƙashi, kuma abin da na fara gani shi ne mace wadda ta yi jinya wata takwas, ta binne uwa, ta dawo ta tarar da aikin miji ya tafi, ba ta samu ko mako guda ta zauna ta yi kuka yadda ya kamata ba sai aka miƙa mata makirfo aka ce Sista ɗauko mana waƙa. Bangaskiyarki ba ta mutu ba. Wadda bangaskiyarta ta mutu ba ta zama ta rubuta doguwar wasiƙa tana tambayar ina Yesu ya shiga, ɗaukar jakarta take ta yi gaba abinta. Ke gajiya kika yi, kuma kina makoki, kuma wataƙila jikinki ma yana da nasa ciwon.

Bari in fara da layin nan da kika saka kusan ƙarshe kamar ba komai ba, wai gara ki bi Mama ki huta. Ban wuce shi ba. Ba zan yi miki faɗa ba, don annabi Iliya ma ya faɗi irinta, duba 1 Sarakuna sura 19, mutumin da jiya-jiya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel wuta ta sauko, shi ne ya gudu jeji ya zauna gindin itace ya ce ya isa, Ubangiji ka ɗauki raina. To ki lura da abin da Allah ya yi masa. Bai ce masa ya ƙara azumi ba. Barinsa ya yi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa aka ce ci, tafiyar ta fi ƙarfinka. Sai da ya ci ya sha ya huta sannan aka zo maganar zuciya. Don haka abin da nake roƙonki a wannan makon, kafin komai, ki je asibiti. In mutum ya wuce mako biyu kusan kullum zuciya a cunkushe, barci ya lalace, abinci ya fita a rai, abin da yake so da can ya daina masa daɗi, likitoci suna kiransa ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, wani da magana da ƙwararre kawai yake warkewa wani sai an haɗa da ƙwaya. A JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ba sai wanda ke tsince-tsince a bola ne ke zuwa wurin ba, malamai da ma'aikatan banki da fastoci ma suna zuwa, ba sa dai faɗa ne. In can ya yi miki nisa ki fara da asibitin da ke kusa da ke, a auna jininki, a duba suga da ƙarancin jini, ki faɗa wa likita maganar barcin da maganar nan ta bin Mama yadda kika faɗa mun, kar ki rage. In kuwa wata rana tunanin ya wuce "gara in huta" ya koma kina tunanin yadda za ki yi, to a wannan daren kar ki kwana ke kaɗai da shi, ki tashi maigidanki ko ki buga ƙofar maƙwabciya, a kai ki asibiti. Yaranki uku suna buƙatar uwa, ba labarin uwa ba.

Yanzu mu zo kan tambayarki. Ni a ganina an haɗa miki abu biyu aka ce ɗaya ne. Akwai daɗin da ke zuwa in tulu ya ɗau zafi, mata ɗari sun amsa waƙa da murya ɗaya, ƙafa ta motsa da kanta. Wannan abu ne mai kyau, ni ma ina sonsa, har yanzu da gwiwata mai ciwo ina taɓa rawa ran godiya. Amma shi wannan kamar wutar kara yake, ya tashi bal-bal, kafin ki isa unguwar Gada Biyu ya zama toka. Farin cikin da Littafi Mai Tsarki ke magana a kai kamar garwashin gawayi ne da aka rufe da toka, daga sama ba ki ganin komai, sai kin tona. Kuma yana iya zama ɗaki ɗaya da hawaye. Ki duba wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, sura huɗu ce kacal, ki karanta ta a zama ɗaya, ba za ta ci miki minti ashirin ba. Daga kurkuku ya rubuta ta, ya ambaci farin ciki fiye da sau goma, can ne ayar nan take da kowa ya haddace ta 4:4 cewa a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum. To a cikin wannan wasiƙar dai, a sura 2, ya ce abokin aikinsa ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, kuma da ya mutu da baƙin ciki ya hau masa kan baƙin ciki. A sura 3 ya ce da hawaye yake rubutu. Mutum ɗaya, takarda ɗaya. A 2 Korintiyawa 6:10 ma ya faɗa kai tsaye, suna baƙin ciki amma kullum suna farin ciki. In Bulus bai ga saɓani a nan ba, ke me zai sa ki riƙa tuhumar kanki?

Shugabar Zumuntanku, ba na jin mugunta ta yi. Irin matan nan da yawansu sun binne miji, sun binne 'ya'ya, wasu tun rikicin Jos na 2001 suke ɗauke da abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba, kuma abin da aka koya musu shi ne a ɗaure zani a ci gaba, shi ta miƙo miki don shi take da shi. Sai dai ayar da ta ɗauko, 1 Tasalonikawa 4:13, ba ta ce kar a yi baƙin ciki ba, cewa ta yi kar namu ya zama irin na waɗanda ba su da bege. Yesu da kansa ya tsaya bakin kabarin Li'azaru, ya san sarai nan da 'yan mintoci zai kira shi ya fito, amma ya yi kuka. Zabura 150 ce, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi, ta 88 ma da duhu ta ƙare babu ko "amma na gode" a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta cikin littafinsa. Shi ya sa in bakinki ya yi nauyi wurin addu'a kar ki tilasta wa kanki addu'ar awa guda da ihu. Buɗe Zabura 42 ko 13 ki karanta da ƙarfi a matsayin taki, aron bakin Dauda da 'ya'yan Kora da suka rubuta su ba laifi ba ne, don haka aka ajiye mana su. In abin da kike iya faɗa kawai shi ne "Yesu na gaji", to kin yi addu'a.

Maganar azumi kuwa, macen da abinci ya riga ya fita ranta ba azumi take buƙata yanzu ba. Ki ci. Ko gwate ne mai zafi da safe, ko kunun tamba, ki sa wani abu a cikin nan kafin ki fita makaranta. Ayar nan da muke yawan rerawa cewa farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinmu, Nehemiya 8:10, mutane ba sa karanta farkonta: jama'a suna ta kuka da suka ji Shari'a, sai aka ce musu ku je ku ci mai maiƙo, ku sha mai zaƙi, ku aika wa wanda ba shi da komai. Da abinci da rabo aka haɗa ta.

Wurin addu'ar daren nan, zan faɗa miki gaskiya ko ƙawarki za ta ji haushina. Kar ki koma. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dubu 20 kusan rabin albashinki ne, kuma sauƙin kwana biyun da kika ji ba ƙarya ba ne, kin yi ihu, kin yi kuka, an dafa kanki, wani ya kula da ke na dare ɗaya, dole ki ji sanyi. Amma farin ciki a Galatiyawa 5:22 cikin 'ya'yan Ruhu aka lissafa shi, 'ya'yan itace kuwa nuna suke a kan lokacinsu, ba wanda ke sayar miki da su a ambulan. Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ki duba amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni sura 8, ba ta da daɗin ji ko kaɗan. Ki ci gaba da baikonki a cocinku daidai ƙarfinki, wannan daban ne. Ita ƙawar taki kar ki yar da ita, ta ga kina nitsewa ta miƙo abin da ta sani, ki ce mata kin gode amma in tana son taimakonki ta raka ki asibiti ranar da za ki je. A nan za ki gane irin ƙawar da take.

Bari in ba ki nawa labarin kaɗan. Lokacin da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 ina da shagon atamfa a ciki. Na isa da safe da makullin shagon a hannuna, ina tsaye ina kallon hayaƙi, makullin nan na riƙe shi gam har ya yi mun shaida a tafin hannu, kamar akwai sauran ƙofar da zan buɗe. Rabin kayan bashi ne. Na yi wata da watanni ina zuwa coci kamar gunki, ana "Haleluya" ina ɗaga hannu don kar a kalle ni. Mutane sun zo da ayoyi, kowa da tasa, babu wadda ta shiga. Wadda ta taimake ni wata tsohuwa ce a layinmu da ko karatun kirki ba ta iya ba, duk Alhamis da yamma sai ta shigo da agushinta a roba ta zauna a kan tabarma ta turo mun rabi, mu yi ta ɓarewa, ba wa'azi ba tambaya. In za ta tafi ta dafa kafaɗata ta ce "Yesu yana nan", shi kenan. Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai tuna wata safiya ina feraye dankali a bakin famfo sai na ji wani yana rera waƙa ƙasa-ƙasa, na ɗaga kai in ga waye, ashe ni ce. Bashin yana nan a lokacin, ban biya ko rabi ba.

Abin da nake so ki nema kenan, mutum ɗaya. Ba taron Zumunta gaba ɗaya ba, don kin san halinmu, "mu sa 'yar'uwarmu cikin addu'a" wani lokaci ita ce hanyar da labari ke zagaya unguwa. Mace ɗaya mai riƙe sirri, wadda ta taɓa rashi, wataƙila wata gwauruwa da ke zama a bencin baya ba ta cika magana ba. Ki ce mata Mama ina so in riƙa zuwa wurinki sau ɗaya a mako. In kin amince da Fastonku ko Mama Fasto ki same su, in kuwa kin san maganar za ta fito a wa'azin Lahadi a matsayin misali to ki tsallake, ba zunubi ba ne.

Sai batun waƙa. Shawarata ki nemi hutun wata uku daga ba da waƙa, ki koma cikin masu amshi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ki samu shugabar a gida, ba a coci ba, ki tafi da ɗan abu a hannu cikin ladabi ki ce Mama tun rasuwar nan ban huta ba, ina roƙon a ba wata ƙanwata dama zuwa wata uku, zan dawo. Ba sai kin yi doguwar bayani ba. Za a yi gutsiri-tsoma na mako biyu a manta. In kuma kin ga waƙar ce kaɗai igiyar da ke riƙe ki da coci, in kin sake ta za ki daina zuwa gaba ɗaya, to kar ki sake, amma ki daina wasan kwaikwayo, ki zaɓi waƙoƙin da za ki iya rerawa da gaskiya, masu sanyi, na dogara da na ta'aziyya, in hawaye ya zo ki bar shi ya zubo a gaban kowa. Za ki yi mamakin yawan matan da za su same ki a bayan coci su ce ashe ba ni kaɗai ba ce. Abin da ba na so shi ne ki daina zuwa sujada da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da Yesu, ko ba ki jin komai ki je ki zauna, ki miƙa hannu ki karɓa, ba sai kin ji wani abu ba kafin ya zama naki.

Maigidanki fa. "Me kika rasa" magana ce mai zafi, na sani, amma ki juya ta ki ji ta da kunnen namijin da ya saba karɓar albashi yanzu yana zagaye Terminus zuwa Farin Gada a keken wani, ga man fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ya kai balas ya dawo da abin da bai kai cefane ba, ya shigo ya tarar da matarsa fuska a murtuke. A ransa cewa yake saboda na kasa ne. Tambayar da yake yi a zahiri ita ce, ni ne na jawo? Ki amsa masa wannan. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya yi wanka yara sun kwanta, ki ce Baban yara, ba kai ba ne, ba kuɗi ba ne, Mamana nake kewa kuma jikina ba daidai yake ba, ina so ka raka ni asibiti. Maza da yawa ba su san me za su yi da hawaye ba amma in aka ba su aiki sun iya. Ki faɗa masa maganar dubu 20 ɗin ma da bakinki kafin ya ji a waje. In ya ƙi sauraro, ku nemi waɗanda suka tsaya muku ranar aure ko wani dattijon ikilisiya da yake jin maganarsa. Kuma kar ki yi mamaki in kin buɗe naki shi ma ya buɗe nasa, ina zargin akwai masu makoki biyu a gidan nan kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya a gado. In ya yarda, ku riƙa karanta Zabura ɗaya tare kafin ya fita da safe, minti biyar, ko da shi yana ɗaure takalmi.

Yara kuma suna gani, kar ki ɗauka ba su sani ba. Ki ce musu Mama tana kewar Kaka ne, ba ku kuka yi laifi ba.

Kin tambayi farin cikin da ba ya ƙarewa. Yesu ya yi wannan alkawarin a Yohanna 16:22 a daren da za a kama shi, ga mutanen da ya ce musu a fili yanzu kuna baƙin ciki, amma zan sake ganinku, zuciyarku za ta yi murna, kuma ba mai ƙwace muku ita. Dalilin da ba a iya ƙwacewa shi ne ba a kan albashi ko lafiya ko yadda kika tashi da safe aka kafa ta ba, a kan cewa ya tashi daga matattu ne, kuma Mamanki da ta mutu cikin bangaskiya tana hannunsa. Annabi Habakuk ya lissafa nasa asarar a ƙarshen littafinsa, ɓaure bai yi toho ba, inabi babu, gona ba ta ba da komai ba, garke wayam, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Ya fara lissafin tukuna, bai tsallake ba. Ke ma ki samu ɗan littafin rubutu na yara, da dare ki rubuta abin da ya yi miki ciwo yau ba tare da kunya ba, a ƙasansa ki rubuta abu ɗaya tak da kika ga hannun Allah a ciki, ko da cewa an kawo wuta kin yi guga ne, ko wani yaro a ajinki ya iya karanta layi guda. Wata rana ba za ki samu abin rubutawa a ƙasan ba, ki bar wurin fili.

Littafin waƙoƙin nan na Mama, kar ki buɗe shi ke kaɗai. Ki jira wata Asabar da yamma, ki kira yaran da babansu in yana gida, ko tsohuwar da kika samu, ki ciro shi daga akwati. Za ki tarar da shafin da ya fi baƙi da yatsunta, inda man girki ya taɓa, wataƙila da wata tsohuwar takardar baiko a tsakiya, wannan ita ce waƙarta. Ku rera ta ko muryarki ta karye a baiti na farko, yaran su ƙarasa. In Agusta ta zagayo kuma kuɗin mota ya samu ki je gida ki ga kabarin, ki share shi, ki zauna da 'yan'uwanki ku yi hirarta har da abubuwan dariya.

Ki sake rubuto mun bayan kin ga likita, ina so in ji me awon jinin ya nuna da abin da Baban yara ya ce. Ki gaishe shi, ki shafa mun kan yaran.